Agogon Sauro da Agogon Waya: Irin Manhajar da Gidajen Birnin Zariya Ke Bukata

Duk wanda ya taɓa kwana a wani gida na cikin birnin Zariya, a Kwarbai ne ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, ya san cewa aikin gida kan riga rana fitowa. Da an sallame sallar Asuba sai a ji ƙarar tsintsiya a tsakar gida, wata yarinya tana hura wuta domin ɗumame, wata ta tsuguna gaban tarin kwanonin jiya, wani yaro kuma ya ɗauki jarka ya nufi rijiya. Duk wannan sai an kammala shi kafin a kama hanyar makaranta. A irin wannan gaggawa akan manta da wasu ayyuka, kuma sau da yawa waɗanda ake mantawa da su su ne suka fi shafar lafiyar gida.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta kutsa kusan kowane zaure. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan matasa masu koyon ilmin kwamfuta suka fara tunanin ƙirƙiro manhajar waya da za ta taimaka wa yara wajen tsara ayyukan gida. Akwai ire-irenta a Turai da Amurka, inda ake jera wa yaro ayyuka, idan ya gama a ba shi maki ko 'yan kuɗin kashewa. Tunanin yana da kyau, amma kwaikwayon waɗancan kai tsaye ba zai yi wa gidan Bazazzagi amfani sosai ba. Manhajar da ta dace da birnin Zariya ita ce wadda aka gina jadawalinta bisa rayuwar halittun da ke zaune tare da mutane a gida, wato sauro da ƙuda da ɓera da ƙwayoyin cuta, domin kowannensu yana da nasa agogon.

A fara da sauro. Macen sauro a ruwa take zuba ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar ta rikiɗe ta zama sauro mai tashi. A yanayi mai ɗumi wannan tafiya ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu. Kowane jinsi kuma da wurin da ya fi so. Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, ya fi son ƙananan tafkunan ruwan sama da rana ke duka, kamar waɗanda kan kwanta a ƙarƙashin indararo ko a sawun taya. Edis, mai yaɗa zazzaɓin shawara, a randa da durom da gwangwani da tsohuwar taya yake hayayyafa. Yana manna ƙwansa a jikin mazubin, ƙwan kuma yana iya jure bushewa na watanni, shi ya sa juye ruwa kaɗai bai isa ba sai an goge cikin mazubin. Kuleks kuwa ɗan kwata ne, ruwan datti ya fi so. Tun shekarar 1897 Ronald Ross ya tabbatar da cewa ƙwayar zazzaɓi tana rayuwa a cikin sauro, amma rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a Nijeriya suke.

Daga nan mai karatu zai gane abin da ke tauye al'adar tsaftar gari ta ƙarshen wata, wadda ta samo asali a tsakiyar shekarun 1980. Tsakanin wata Asabar ta shara da wadda ke biye mata, sauro yana iya haihuwar 'ya'ya da jikoki. A zamanin da, dubagari kan shiga gida ya leƙa randa, idan ya ga tsutsa a ci tarar mai gida. Manhajar da ke tunatar da yaro kowane kwana bakwai cewa lokacin wanke randa da kifar da gwangwanaye ya yi, ta zama dubagarin aljihu ke nan, ba tare da tara ko tozarci ba. Kamata ya yi kuma ta ƙara matsa tunatarwar daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, lokacin da damina ke sauka a ƙasar Zazzau.

Haka lissafin yake ga ƙuda. Macensa tana iya zuba ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta, a cikin juji ko kashin dabbobi, kuma a lokacin zafi kwana bakwai zuwa goma sun isa ƙwan ya zama ƙuda. Gidan da ake turke awaki a cikinsa, idan aka bar taki ya haura mako, ya zama masana'antar ƙudaje. Agogon ƙwayoyin bakteriya kuwa ya fi duka sauri. Wasu daga cikinsu kan rabu gida biyu duk minti 20 idan sun sami ɗumi da abinci. Ɗalibi na iya gwada lissafin a littafinsa: ƙwaya ɗaya tak, bayan awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Wannan ne dalilin da ya sa masana lafiya ke gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da zafi ko sanyin firiji ba. A gidan da babu tabbacin wutar lantarki, abin da ya rage shi ne a rufe tuwo da miya da kyau, da safe kuma a bar ɗumame ya tafasa sosai har cikinsa.

Sai batun ruwan sha. A shekarar 1854 likita John Snow ya bi sawun annobar kwalara a wata unguwar Landan har ya gano cewa daga famfo guda take fitowa. Darasin bai tsufa ba, domin a shekarar 2021 an sami rahoton fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, sama da 3,500 kuma suka rasu. Ruwa yana iya fitowa da tsabta daga famfo ya gurɓata a cikin gida, ta hanyar moɗar da aka ajiye a ƙasa ko hannun da ba a wanke ba. Bincike ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage gudawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ɓera kuma, wanda wani jinsinsa ke ɗauke da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a shekarar 1969, buɗaɗɗen hatsi da kwanon da ya kwana ba a wanke ba su ke gayyato shi.

Me ya sa sai an tunatar da yaro? Masana sun gano cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai kula da tsari da hangen gaba, ba ya kammala girma sai mutum ya kai wajen shekara 25. Mantuwar matashi, ashe, ba kullum ce lalaci ba. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka gudanar a Landan, aka buga shi a shekarar 2009, ya nuna cewa sabon hali kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, kuma yana saurin kamawa idan an ɗaura shi a kan wani abu da ake yi kullum. Birnin Zariya yana da irin wannan turke tun fil azal, wato lokutan salla. Tunatarwar da ta ce a duba randa bayan La'asar, a saki gidan sauro bayan Isha'i, ta fi wadda ke ambaton ƙarfe kaza zama a ran yaro.

Akwai kuma batun adalci. Rahoton Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2016 ya nuna cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna kashe lokaci a aikin gida fiye da takwarorinsu maza da kashi 40 cikin 100. Yarinyar da ke karatu a Ƙofar Gayan da yayanta da ke Kwalejin Alhudahuda jarrabawa iri ɗaya za su zauna, amma ba lokacin bita iri ɗaya suke samu ba. Manhajar da ke nuna mintocin da kowa ya yi a mako za ta fito da wannan giɓi fili ba tare da gardama ba. Ba kuma baƙon abu ba ne, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan taimaka wa iyalinsa da aikin gida.

Masu suka suna da hujjojin da ya wajaba a saurara. Wasu za su ce wayar ita ce ta shagaltar da yara tun farko, wasu kuma su ce rabon aiki hakkin uwa ne da kaka, ba na na'ura ba. Duk gaskiya ne. Don haka ya kamata manhajar ta zauna a wayar uwa ko uba, su ne za su raba aikin, ita kuwa ta riƙe lissafin kwanaki kawai. Ta yi magana da muryar Hausa saboda waɗanda ba su karanta boko, ta yi aiki ba tare da intanet ba, ta kuma iya aika gajeren saƙo zuwa ƙaramar waya. Kada ta nemi hoton cikin gida ko na yara, domin a birni abin da ke bayan zaure sirri ne. Sannan a sani cewa tana da iyaka: kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini, da manyan magudanan ruwa, da samar da ruwan famfo, aikin hukuma ne da na al'umma, ba na yaro da tsintsiyarsa ba.

Malaman kimiyya ba sai sun jira an rubuta manhajar ba. Malami na iya kawo ruwa mai tsutsar sauro a kwalba, ya rufe bakinta da ƙyalle mai ƙananan huji, ɗalibai su riƙa ƙirga kwanaki har sauro ya fito. Daga nan kowane ɗalibi ya zana jadawalin gidansu a takarda, ya gwada shi tsawon zango guda, ya rubuta abin da ya yiwu da wanda ya gagara. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Nuhu Bamalli, idan suka tashi aikin, daga waɗannan takardu ya kamata su fara, domin su ne za su nuna musu yadda gidan cikin ganuwa yake tafiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin da ya fi araha a Zariya shi ne randar da aka wanke kafin mako ya zagayo.