Muryar Mace a Fagen Sharhin Wasanni: Darasi Daga Rayuwar Aisha Falode

Duk wanda ya ratsa garin Dutse da yammacin Asabar, ko Kiyawa ko Birnin Kudu, zai ji ihun matasa na tashi daga gidajen kallon ƙwallo. A shago da tasha kuwa, zai tarar da mutane sun kasa kunne ga rediyo suna bin labarin wasanni. Sai dai da wuya muryar da ke ba da labarin nan da Hausa ta zama ta mace. Wannan giɓi bai samo asali daga gazawar mata ba. Tushensa yana cikin tarbiyyar da ake yi wa yara tun daga aji, saboda haka malami ne ya fi kowa damar cike shi.

Rayuwar Aisha Falode ta isa hujja. Ilimin motsa jiki ta karanta a jami'ar Ekpoma, wadda a yau ake kira Jami'ar Ambrose Alli, a Jihar Edo. Wato dai fannin da ɗalibai da dama ke karantawa a kwalejojin ilimi shi ne tsaninta. Daga baya ta shiga aikin watsa labarai, ta yi suna a gidan talabijin na AIT wajen gabatar da shirye-shiryen wasanni, a lokacin da ake ɗaukar wannan fage tamkar gadon maza. Ƙwarewarta ta kai ta ga zama 'yar kwamitin yaɗa labarai na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka. A watan Janairun 2017 kuma aka ɗora ta a kan shugabancin hukumar gasar ƙwallon ƙafa ta mata ta Nijeriya. Abin lura a nan shi ne, sanin wasa ciki da bai ne ya share mata hanya, murya kuwa ta biyo baya.

Ba a Nijeriya kaɗai mata suka daɗe a bakin wannan ƙofa ba. A Ingila, inda aka tsara dokokin ƙwallon ƙafa tun 1863, sai a 2007 ne Jacqui Oatley ta zama mace ta farko da ta yi sharhin wasa a shahararren shirin ƙwallo na daren Asabar a talabijin na BBC, kuma ta sha suka a kan haka. A yau sharhin mata ya zama ruwan dare a can. Ashe abin da ake kira al'ada, sau da yawa rashin sabo ne kawai.

Akwai masu ganin cewa wannan aiki bai dace da kunya da kamun kai da aka san 'yar Bahaushe da su ba. Bai kamata a yi watsi da wannan damuwa ba, domin iyaye na da haƙƙin kula da mutuncin 'ya'yansu. Amma kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da muryar mace tana karanta labarai, tana yi wa gwamnoni tambayoyi. Marigayiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jaridar Sunday Triumph a Kano tun cikin shekarun 1980, kuma hakan bai rage mata daraja ba. Idan mace za ta iya fayyace kasafin kuɗi a rediyo cikin mutunci, me zai hana ta fayyace wasan ƙungiyar Jigawa Golden Stars?

Har ila yau, sharhin wasa aikin harshe ne. Mai sharhi yana zana wa mai sauraro abin da idonsa bai gani ba, cikin sauri da daidaito. Masu wannan sana'a ne suka yaɗa kalmomi irin su "satar gida" da "bugun kusurwa" da "bugun daga kai sai mai tsaron gida", har suka zauna daram a bakin jama'a. Harshen da aka hana rabin masu shi sa hannu a irin wannan ƙira, shi ne ya yi asara. Haka kuma, lokacin da ƙungiyar Super Falcons ta doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat a watan Yulin 2025, ta ɗauki kofin Afirka karo na goma, 'yan matan Jahun da Ringim sun cancanci su ji labarin daga bakin 'yar'uwarsu.

Bisa ga haka, nauyi ya rataya a wuyan malamin gobe. Ranar wasannin makaranta, ya miƙa wa yarinya lasifika kamar yadda yake miƙa wa yaro. A darasin Hausa, ya sa ɗalibai su rubuta rahoton wasan da suka kalla, su karanta a gaban aji. Ya nemi izinin iyaye ya kai su gidan Rediyon Jigawa ko Freedom Rediyo da ke Dutse, su ga yadda ake aikin. Masu iya magana sun ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar da aka bai wa lasifika a firamare ba za ta yi rawar murya ba ranar da aka kunna mata jar fitilar ɗakin watsa shirye-shirye.