Samun Kuɗi Daban, Riƙe Shi Daban

Makon jiya, bayan sallar La'asar, ɗan ƙanwata ya tare ni a ƙofar gida. Yaro ne mai himma, shekararsa uku yana sayar da kayan waya a tebur, ciniki kuwa ba laifi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Kawu, kullum kuɗi na shigowa, amma in shekara ta zagayo sai in tarar jarina yana nan inda na bar shi. Wane littafi zan karanta in iya kasuwanci?" Na yi masa alkawarin amsa a wannan fili, domin dubban matasa na ɗauke da irin tambayarsa, kunya ce kawai ta hana su furtawa.

Mutanenmu sun iya lissafi. Tsohuwa mai sayar da daddawa za ta ba ka canji daidai kafin ka gama laluben waya. Abin da ke cinye jari shi ne hali: gaggawa, kwaɗayi, kunyar cewa a'a, tsoron asara, da son a gani a yaba. Shi ya sa littattafai shidan da zan ambata suka fi magana a kan mutum fiye da kan kuɗin kansa. Na jera su bisa tsarin da nake so a karanta su.

A fara da The Psychology of Money na Morgan Housel, wanda ya fito a 2020. Shi ya fi sauƙi, babinsa gajeru ne, ana iya gama ɗaya kafin shayi ya huce. A gabatarwarsa ya kawo labarin mutum biyu a Amurka. Ronald Read ya yi shekaru yana gyaran mota a gidan mai, daga baya ya koma shara a wani babban kanti. Da ya rasu a 2014 yana da shekara 92, sai aka tarar ya bar kusan dala miliyan 8, mafi yawansu ya yi wasiyyarsu ga asibiti da ɗakin karatu na garinsu. Bai ci gado ba, bai ci caca ba. Ɗan abin da ya rage masa yake sayen hannun jari da shi, ya bar shi yana haihuwa shekara da shekaru. Na biyun, Richard Fuscone, ya yi karatu a Harvard, ya riƙe babban muƙami a kamfanin Merrill Lynch, ya ci bashi ya faɗaɗa tafkeken gidansa, rikicin tattalin arziki na 2008 ya karya shi. Ilimin kuɗi yana wajen na biyu, haƙuri yana wajen na farko. Housel ya tsaya sosai a kan cewa dukiya ta gaskiya ido ba ya ganinta, domin ita ce abin da ba a kashe ba. Wanda ya taɓa ganin an zare uwar kuɗin shago an yi anko da dina da ita, bayan wata uku kanta ta zama fayau, ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi.

Na biyu ya fi nauyi: Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman, 2011. Masanin halayyar ɗan Adam ne, amma kyautar Nobel ta tattalin arziki aka ba shi a 2002, saboda binciken da suka yi da abokinsa Amos Tversky. Ya nuna cewa tunaninmu iri biyu ne: mai sauri wanda ke yanke hukunci nan take, da mai nawa wanda ke zama ya auna. Mai nawan malalaci ne, saboda haka mai saurin ke jan ragama a mafi yawan lokaci. Abu biyu a ciki sun shafi ɗan kasuwa kai tsaye. Na farko, zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba mai girma ɗaya da ita. Wannan ne ke sa mai atamfa ya rungume kwantai har yayinsa ya wuce, ya ƙi sayarwa da 'yar faɗuwa ya juya kuɗin, domin zuciyarsa ba ta iya ɗaukar kalmar "na faɗi". Ƙarshenta ya yi asarar da ta ninka wadda ya guda. Na biyu, lambar da aka fara faɗa takan kafe a ƙwaƙwalwa ta ja duk cinikin zuwa wajenta. 'Yan Kantin Kwari sun san wannan tun kafin a rubuta shi. Shi ya sa mai kaya yake fara tsuga farashi kafin ka taya ya ce albarka. A bi littafin sannu, babi ɗaya a mako ya isa. A kuma sani wasu gwaje-gwajen da ya kafa hujja da su a wani babi ba su tabbata ba da aka sake su, shi da kansa ya amsa hakan kafin rasuwarsa a 2024. Malamin da ke karɓar gyara ya fi cancanta a saurare shi.

Na uku shi na fi so kowane gida ya mallaka: Influence na Robert Cialdini, 1984. Wannan malami ya shafe kusan shekara uku yana shiga horon masu sayar da motoci da masu tara gudummawa da masu talla, ba tare da ya bayyana ko shi wane ne ba, don ya ga yadda suke sa mutum ya ce to. Ya fito da hanyoyi shida: a yi maka ɗan alheri ka ji nauyin ramawa, a sa ka ɗauki ƙaramin mataki ka ji kunyar ja da baya, a nuna maka kowa na yi, a zo maka da mai daraja, a zo maka ta hannun wanda kake so, a ce maka abin ya kusa ƙarewa. Yanzu ɗora waɗannan a kan abin da ya same mu. Cikin shirye-shiryen damfara, MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle kuɗin mutane a Disambar 2016. CBEX ta rufe a Afrilun 2025, aka sake kuka. Tun 1920 Charles Ponzi ya yi irin wannan a Boston, da alkawarin kashi 50 cikin kwana 45. Zubin bai canza ba. Za a biya ka riba ta farko a kan lokaci. Za a cika rukunin WhatsApp da hotunan shigar kuɗi. Wanda zai kawo maka maganar amininka ne ko ɗan'uwan matarka, kuma shi ma ya yarda da gaske. Sannan a ce gobe ake rufe rajista. Waɗanda suka faɗa ramin akwai malamai, akwai ma'aikatan banki, akwai 'yan kasuwar da suka ga jiya suka ga yau. Wayo bai tsare su ba, domin ta ƙofar zumunci da amana aka shigo musu. Wanda ya san sunan kowace dabara zai gane ta tun daga sallama.

Kada wani ya ji duk wannan ya ce ashe talaka shi ya jawo wa kansa. Maganin wannan zato yana cikin littafi na huɗu, Scarcity na Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, 2013. Sun gwada ɗaruruwan manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu: kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, da bayan girbi, lokacin da kuɗi suka shigo. Mutanen su ne dai, amma sakamakonsu a gwajin kaifin tunani ya fi kyau bayan girbi. Rashi yana cinye hankali. Wanda ke tunanin abin da za a ɗora yau ba shi da sararin tunanin baɗi. Mun san wannan a gonakinmu: manomi ya ci bashi da damina, ya biya da hatsi da kaka lokacin da yake araha, sannan ya koma ya sayi hatsin da tsada kafin sabon ya nuna. Darasin ga mutum ɗaya shi ne ya yanke manyan shawarwari a lokacin yalwa, ya kuma ware ɗan abin da ba ya taɓawa ko da kaɗan ne, don wata lalura kada ta tura shi hannun mai ba da bashi. Darasin ga masu gida da gwamnatoci ya fi nauyi: duk wanda ya riƙe haƙƙin ma'aikaci wata biyu, ya tauye masa aljihu ya kuma tauye masa tunani.

Sai a na biyar muka iso kan dabarun kasuwanci, kuma da gangan na jinkirta shi, domin dabara ba ta zama a hannun wanda bai san halinsa ba. Good Strategy Bad Strategy na Richard Rumelt, 2011, ya raba buri da dabara. "Ina so in zama babban dila nan da shekara biyar" buri ne. Dabara tana da ƙafa uku: ka gano ainihin ciwon, ka zaɓi hanya ɗaya ta tunkararsa, ka jera ayyukan da ke taimakon juna a kan wannan hanya. Ya kawo misalin Steve Jobs da ya koma Apple a 1997 kamfanin na dab da durƙushewa. Abin da ya fara yi shi ne datse mafi yawan kayan da suke ƙerawa, ya tattara ƙarfi a kan 'yan kaɗan. Da muka zauna da ɗan ƙanwata muka bi wannan tsari, ciwonsa bai ɗauke mu minti ashirin ba. Aljihunsa da akwatin ciniki abu ɗaya ne, kuma kusan sulusin kayansa suna hannun abokai da sunan bashi. Hanyar da ya zaɓa ita ce raba kansa da teburin: ya yanka wa kansa albashin mako, ya sayi littafin shiga da fita, ya sa iyaka ga bashi, ya daina sarin kayan da ke kwana wata biyu ba a tambaye su ba.

Na shida a kanmu aka rubuta shi. Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ya bayyana yadda shanu ke gangarowa daga Arewa, goro ke haurawa daga Kudu, dukiya mai yawa tana yawo a kan bashi ba takarda ba banki. Bafatake ya sauka wajen maigidansa, dillali ya sayar wa mahauta shanun zuwa wani wa'adi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya ci amana, labari ya zaga, ƙofa ta rufe masa. Jarin da ya riƙe wannan fatauci shi ne suna mai kyau. Irinsa ne ke riƙe adashi har gobe: ba kotu, ba sa hannu, sai sanin cewa wadda ta kwasa ta gudu ba za ta sake zama cikin mata ba. Ina so matasa su karanta shi don su san kakanninsu sun gina tsari mai zurfi, kuma duk ranar da amana ta yi arha a kasuwa, kowa ne zai biya.

Wajibi ne in yi gargaɗi. Mafi yawan waɗannan littattafai Amurkawa aka rubuta wa. Idan suka yi maganar kuɗi na haihuwa, sau da yawa da kuɗin ruwa a ciki, wanda addininmu ya hana. Ka ɗauki darasin haƙuri da barin riba ta koma cikin uwa, ka nemi hanyar halal: kiwo, haɗin jari da amintacce, sukuk da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, ko bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin Jaiz. Haka kuma hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, saboda haka naira da aka dunƙule a asusu narkewa take yi kamar ƙanƙara a rana. Shawarar tanadi tana nan daram, wurin ajiyar ne sai an yi tunani.

Saura matsalar harshe. Duka shidan da Turanci suke, alhali mafi yawan masu bukatarsu, daga kasuwar Dawanau zuwa ta Singa zuwa matan da ke sana'a a cikin gida, Hausa suke karantawa ko saurare. Kafin a samu mafita, kowace majalisa ba ta rasa mai jin Turanci ɗaya. Ya karanta babi, ya zo ya bayyana, 'yan kasuwa su auna shi da abin da suka gani da idonsu. Amma mafitar gaskiya tana hannun marubutanmu da sassan Hausa na jami'o'inmu da attajiranmu. Gasar rubutun da aka shirya a 1933 ita ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki. Me zai hana wani mai hali ya ɗauki nauyin fassara irin waɗannan littattafai, ko ya sa gasar rubuta namu, da misalan kasuwanninmu, a karanta su a rediyo? Kuɗin da za a kashe bai kai abin da unguwa ɗaya ke asara ba duk lokacin da wani shirin damfara ya rufe.

Shi kuwa ɗan ƙanwata na ba shi aron na farkon, da sharaɗi ɗaya: kada ya zo karɓar na biyu sai ya nuna mini littafin shiga da fitarsa na wata guda cif. Shekaranjiya na wuce ta gaban teburinsa, na hango shi sunkuye da biro yana rubuta cajar da ya sayar. Allah Ya sa wa nemansa albarka, Ya sa wa namu baki ɗaya.