Ribar Tarke Ga Mai Saye: Darasi Daga Wasan Hokin Ƙanƙara

Na san da ganin kan maganar yau wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Mu da iyakar saninmu da ƙanƙara shi ne wadda ake jefawa a zoɓo lokacin azumi, ko wadda kan sauko da ruwan damina ta ɓata yabanya, ina ruwanmu da wasan da ake yi a kanta, balle kuma kwaikwayonsa a na'urar wasan bidiyo? A yi mini haƙuri a biyo ni. Labarin na Kanada da Amurka ne, amma tambayar da ke cikinsa ta shafi duk wanda ya taɓa zare kuɗinsa ya sayi abu bisa alƙawarin mai sayarwa: wane ne zai gaya maka gaskiyar kaya kafin kuɗinka su bar aljihunka?

Bari mu fara da wasan kansa. Hokin ƙanƙara wasa ne na ƙungiyoyi biyu, kowace da mutum 6 a fili har da mai tsaron raga. 'Yan wasan na sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi a kan daskararren ruwa, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasasshen baki, suna kora wani ɗan faifan baƙar roba zuwa raga. Ana yin zagaye 3, kowane na minti 20. Babbar gasarsa ita ce NHL, wadda aka kafa a birnin Montreal a 1917, kuma a yau tana da ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, sauran a Amurka, duk suna hanƙoron ɗaukar Kofin Stanley. Matsayin wannan wasa a zuciyar mutumin Kanada bai gaza na ƙwallon ƙafa a zuciyar matashin Kano ba. Har ma muna da ɗan gatari a ciki, domin Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin ɗin Calgary Flames, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, kuma hotonsa ne a bangon wasan bidiyo na NHL 2003.

Kamfanin da ke yin wannan wasa na bidiyo ba baƙo ba ne a wurinmu. EA Sports ne, wanda yaranmu ke kwana suna buga wasansa na ƙwallon ƙafa a shagunan wasa na unguwanni. Ya fara fitar da wasan hoki a na'urar Sega Genesis, wadda aka fi sani da Mega Drive a wajen Amurka, a 1991. Wasanni biyu daga cikin jerin nan ne nake so mu ɗora a kan ma'auni, akwai shekara 21 a tsakaninsu.

Na farko shi ne NHL '94, wanda ya fito a 1993. Wanda ya kalle shi da idon yau dariya zai yi: 'yan wasan wasu 'yan ɗigo-ɗigon launi ne, ba fuska, ba murya sai kiɗa da ihun 'yan kallo. Ba shi da tsarin buga kakar wasa daga farko zuwa ƙarshe, sai a wasan shekara mai biye aka kawo wannan. Bugu da ƙari, an cire dambe daga cikinsa, alhali wanda ya gabace shi yana da shi, kuma masu wasa da yawa sun ji haushin haka, don kuwa ba hamata iska tsakanin 'yan wasa tsohuwar al'ada ce a hokin Arewacin Amurka. Duk da wannan, matarka sun yaba masa tun a lokacin, kuma har gobe sunansa ba ya ɓacewa idan ana lissafa wasannin motsa jiki na bidiyo da suka fi kowane inganci.

Me ya jawo masa wannan farin jini? Da farko, ya haɗa izinin hukumar gasar da na ƙungiyar 'yan wasa, saboda haka ya zo da sunayen ƙungiyoyi da tambarinsu da kuma 'yan wasa na gaskiya. Wasannin biyu da suka gabace shi kowane guda ɗaya kawai yake da shi. Na biyu, ya kawo wata dabara guda da ta sauya yadda ake buga shi: ɗan wasa ya miƙa wa abokinsa faifan, shi kuma ya maka shi raga nan take ba tare da ya tsayar da shi ba, kamar yadda ɗan gaba kan tari ƙwallo a sama ya ɗirka. Wannan ya sa cin wasa ya koma ga iya lissafin lokaci da karanta fili. Yaro zai koyi maɓallan cikin minti biyar, amma ya shekara bai gama ƙwarewa ba. Har aibinsa ma ya zama abin hira: Jeremy Roenick na ƙungiyar Chicago ya fito a wasan da ƙarfin da ya kusa fin ƙarfin kowa, kuma wannan ya ƙara wa sunansa tashe a wurin mutanen da ba su taɓa ganinsa a fili ba. Yau fiye da shekara 30 ke nan, akwai masu shirya gasa a kansa, wasu kuma na sabunta sunayen 'yan wasansa da kansu. Kamfanin ma ya san darajar abin da ke hannunsa: ya saka wani sashe na tunawa da shi a cikin NHL 14, sannan a 2020 ya sake fitar da shi da sunan NHL 94 Rewind. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyu shi ne NHL 15, wanda ya fito a watan Satumba na 2014. Sababbin na'urorin PlayStation 4 da Xbox One sun shiga kasuwa tun ƙarshen 2013, amma wasan hoki bai hau kansu ba a wannan shekarar, don haka masoyansa suka yi zaman jiran kusan shekara guda. Tallan da aka yi musu ya cika ido: filayen wasa kamar na gaske, dubban 'yan kallo kowa da kamanninsa, masu sharhin tashar NBC da muryoyinsu, ga faifan yana tsalle yadda yake yi a kan ƙanƙara ta gaskiya. Mutane da dama suka biya kuɗi tun kafin kaya su iso.

Da lokaci ya matso sai zance ya sha bamban. Aka wayi gari babu sashen da aka fi so, wato EASHL, inda abokai kan kafa ƙungiyarsu ta intanet, kowa ya riƙe ɗan wasa guda, su kara da wasu. Tun NHL 09 ake da wannan sashe, kuma akwai mutanen da saboda shi kaɗai suke sayen wasan duk shekara. Babu sashen da abokai ke gudanar da gasa a matsayin manajoji. A sashen manaja na mutum ɗaya kuwa, mai wasa ba ya iya zaɓen sababbin 'yan wasa da kansa, kwamfuta ce ke zaɓa masa. Abin mamaki, kwafin da aka yi wa tsofaffin na'urori, PlayStation 3 da Xbox 360, yana ɗauke da yawancin waɗannan sassa, sai dai shi kuma kusan wasan bara ne aka sauya wa riga. Farashi kuwa bai ragu ba, dala 60 ne kamar yadda aka saba a lokacin.

A nan ne matarka suka yi aikinsu. Akasarinsu ba su ce wasan ba ya da kyau ba. Sun yarda cewa idan aka jefa faifai aka fara gudu, akwai daɗin bugawa, kuma hoton ya burge. Amma suka jera abin da aka cire ɗaya bayan ɗaya, suka auna shi da kuɗin da ake karɓa, suka yanke hukunci cewa kayan bai cika mudu ba. A shafin Metacritic, wanda ke tattara makin matarka ya fitar da matsakaici, wasan ya tsaya wajen 60 cikin 100, alhali 'yan shekaru kafin nan wasannin jerin kan haura 80. Kamfanin ya shiga mayar da wasu sassan kyauta ta intanet a watannin da suka biyo baya, EASHL kuwa sai a NHL 16 ya dawo.

To, ga inda nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Duka wasannin biyu an cire musu wani abu. Me ya sa aka yafe wa na 1993, aka ƙi yafe wa na 2014? A ganina amsar ita ce, abin da aka cire wa na farko ado ne, aka kuma musanya shi da abin da ya ƙara wa wasan armashi. Na biyu kuwa ado aka ƙara masa, aka ɗebe abin da ke tara mutane. Wanda ya saba haɗuwa da abokansa biyar kowane dare a ƙungiya ɗaya, me zai yi da kyawun fuskokin 'yan kallo? Fankan-fankan ba shi ne kilishi ba. Matarki na ƙwarai shi ne wanda ya iya raba waɗannan biyun, bai bari ƙyalli ya rufe masa ido ba, bai kuma bari fushi ya hana shi faɗin alherin da ya gani ba.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Masu haɗa wasan, waɗanda ke aiki a reshen kamfanin da ke kusa da Vancouver, sake gini suka yi a kan sababbin na'urori, kuma kasuwar wasan hoki ba ta kai ta ƙwallon ƙafa ba, balle a zuba mata ma'aikata da kuɗi iri ɗaya. Ga kuma wa'adin da ba ya ɗaguwa, domin dole wasa ya fito kafin a buɗe kakar NHL a watan Oktoba. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya isa a tausaya wa ma'aikaci. Sai dai uzurin ma'aikaci ba ya zama hujjar kamfani. In gini bai ƙare ba, akwai hanyoyi uku na mutunci: a ɗaga ranar tarewa, ko a rage kuɗin haya, ko a faɗa wa mai shiga gaskiya tun kafin ya biya. Tela ma idan Sallah ta matso ya ga ba zai gama ba, wanda ya san ya kamata yakan kira mai kaya ya gaya masa da wuri.

Akwai kuma dalilin da ya sa muryar matarka ta yi nauyi a wannan karon. A da akwai gasa: kamfanin 2K yana fitar da nasa wasan hokin, wanda bai gamsu da wannan ba sai ya koma wancan. Bayan NHL 2K11 na 2010, 2K ya janye daga na'urorin gida, fili ya zama na EA shi kaɗai. Idan rumfa ɗaya ce a kasuwa, mai saye ba shi da inda zai juya, sai dai ya saya ko ya haƙura. A irin wannan hali abin da ya rage masa shi ne mutumin da zai ɗanɗana kafin shi, ya faɗi abin da ya ji ba tsoro ba son kai.

Masu buga ƙwallon ƙafa a na'ura sun ga irin wannan da idonsu. A 2021 kamfanin Konami na Japan ya sauya wa PES suna zuwa eFootball, ya fitar da shi da ɗanyen aiki, har sai da ya fito ya ba da haƙuri saboda sukar da ya sha. A 2020 kuma, da EA ya fitar da FIFA 21 na na'urar Nintendo Switch ba tare da wani sauyi na a zo a gani ba, matarkin shafin IGN sai ya kwafo sharhinsa na bara ya sake liƙawa, ya ba wasan maki 2 cikin 10. Ma'anarsa a fili take: tunda kun maimaita kayanku, ni ma na maimaita maganata.

Abin da ya dame ni shi ne yadda muke kallon tarke a nan gida. Marubuci ya fitar da littafi, ko a saki fim, ko mawaƙi ya saki waƙa, duk wanda ya ce ga inda aka gaza sai a ce hassada ce, ko an biya shi. Wanda ya yaba kuma, sau da yawa abokin mai aikin ne, ko yana jiran a yaba wa nasa gobe. Sakamakon haka mai saye ya rasa madogara, kullum sayen kifi a ruwa yake yi, mai aikin kuma ya rasa madubin da zai ga fuskarsa. Ɗalibanmu na sashen harsuna suna karanta tarken adabi a aji, su ci jarrabawa, amma kaɗan ne ke fitowa su yi shi a jarida, inda jama'a ke buƙatarsa. Ga shi kuwa misalin NHL 15 ya nuna ribar abin: sukar da aka yi da hujja ba ta kashe jerin wasannin ba, tana cikin abin da ya sa aka gyara na gaba.

Shawarata ga matashin da ke tara kuɗi don sayen sabon wasa, ko waya, ko ma littafi, ita ce kada ɗoki ya sa ya biya kuɗin abin da ba wanda ya gani tukuna. Ya jira waɗanda suka gwada su yi magana, ya karanta dalilansu, kada ya tsaya ga maki kawai, sannan ya tambayi kansa ko abin da aka ƙara ya kai abin da aka ɗebe. Ga mai sha'awar zama matarki kuma, ya san amana ya ɗauka: ya faɗi abin da aka yi alƙawari, da abin da aka kawo, da tazarar da ke tsakaninsu, ko da mai kayan amininsa ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.