Jakar Ajiyar Tsofaffin Littattafan Zane

Jama'a, malamanmu sun san amfanin gafaka tun kaka da kakanni. To, mutanen Amurka ma suna da irin tasu, domin ƙananan littattafan nan masu ba da labari cikin zane. Fitowar farko ta Action Comics, wadda ta kawo Superman a 1938, senti 10 aka sayar da ita. A 2024 kuwa aka yi gwanjon guda ɗaya dala miliyan 6.

Takardarsu irin ta jarida ce, tana da tsami a jikinta, watau asid, wanda ke sa ta yi ja ta riƙa karyewa. Saboda haka ba kowace leda ta dace ba. A guji ta PVC, gama in ta tsufa takan fid da abin da ke cin takarda. Ta polypropylene tana da araha, amma akan sake ta bayan 'yan shekaru. Ni dai Mylar na fi so, ko da yake tana da tsada, don ta fi su ƙarko nesa ba kusa ba. A sa kwali marar tsami a bayan littafin kada ya lanƙwashe. Kada fa a rufe shi da damshi, sa'an nan a jera su tsaye inda rana da gara ba su kai.