Wace Manhajar Rubutu Ta Dace Da Ɗalibin Koyon Malanta?

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, na roƙi Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wata magana wadda ta ke yawo a ɗakunan kwananmu. Da yawa cikinmu sun sami sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, waɗansu iyaye suka saya musu, waɗansu kuwa da guminsu. To, da an buɗe kwali an kunna ta, tambayar da ta kan biyo baya ita ce, da wace manhaja za a riƙa yin rubutu? Mutum zai ga kamar ƙaramar magana ce, alhali kuwa shirin darasinmu, da takardun jarrabawar da za mu shirya wa yara, da kundin binciken da za mu miƙa a shekarar ƙarshe, duk a cikinta za su zauna. Wanda ya yi zaɓe da ka, wata rana ya ga aikin wata uku ya ƙi buɗuwa ana jibi miƙawa.

Bari mu fara duba abin da ke kasuwa. Babbar cikinsu ita ce Word ta kamfanin Microsoft na Amurka, wadda ta fara fitowa a 1983, har sunanta ya zama kamar sunan aikin kansa. Ba na musun kyaunta. Amma ta kuɗi ce, kuma hanya biyu a ke samunta. Ko dai ka yi haya, watau Microsoft 365, ka riƙa biya wata wata ko shekara shekara, ko kuwa ka saya gaba ɗaya, kamar Office 2024 wadda ta fito a watan Oktoba na 2024. Sau da yawa sabuwar kwamfuta ta kan zo da Word a ciki, mai ita ya yi ta murna yana tsammani tasa ce, ashe ɗanɗano ne aka ba shi. Da kwanakin gwaji sun cika sai ta bar ka ka karanta abin da ka rubuta, amma ta hana ka gyara ko ƙara sabo. Ɗan ƙaramin WordPad kuma da a kan lallaɓa da shi a da, an cire shi daga Windows 11 tun 2024.

Ta biyu ita ce Google Docs, wadda ta fito a 2006. Kyauta ce, tana ajiye aikinka da kanta, kuma mutum biyar suna iya rubutu cikin takarda ɗaya a lokaci guda. Sai dai gidanta intanet ne. Gaskiya ana iya shirya ta ta yi aiki ba intanet, amma sai ka tuna ka shirya tun kana da shi. Ta uku WPS Office ce ta kamfanin Kingsoft na ƙasar Sin, tana kama da Word ƙwarai, amma ta kyautar tana damun mutum da talla. Ta huɗu ita ce LibreOffice, wadda ta samo asali daga OpenOffice a 2010, wata ƙungiya mai suna The Document Foundation a Jamus ke lura da ita. Sashenta na rubutu shi a ke kira Writer. Ba a biyan ko kwabo, kuma ba ta bukatar intanet sai ranar da za a sauke ta.

Akwai kuma hanya ta biyar wadda ba a faɗinta da ƙarfi, ko da ya ke ita ta fi yawa a cikinmu. Mai shago ya ce ka ƙara ɗan wani abu ya sa maka Word "cikakkiya", ya fasa makullinta da wata dabara. Wannan ita ce na fi ƙi, sabo da dalili biyu. Na fari, cinikin biri a sama ne. Kafin a fasa makullin, sau da yawa sai an kashe mai gadin kwamfutar, ba ka kuwa san abin da ya shigo tare da ita ba, ko cutar da za ta lalata fayil, ko ɓarawon da zai kwashe kalmomin sirrinka na banki. Galibi ma tsofaffi su ke sawa, irin su Office 2016 da 2019, waɗanda kamfanin ya daina yi wa gyara tun ran 14 ga Oktoba 2025. Na biyu, mu malamai za mu zama. Da wane baki zan tsawata wa yaro don ya kwafi amsar ɗan'uwansa, in takardar jarrabawar kanta da kayan sata na buga ta?

Ra'ayina dai shi ne, ɗalibin da ke lissafin kuɗin abinci da na littattafai ya sa LibreOffice ta zama gatarinsa na kullum. Ga dalilaina.

Na ɗaya, kuɗi. Karatunmu shekara 3 ne, watau wata 36. Wanda ya ɗauki haya ya ɗora wa kansa biya sau 36, ko sau 3 in na shekara ne, kuma ran da aljihu ya bushe ran nan alƙalaminsa ya tsaya. Bayan mun fita ma hayar ba ta ƙarewa, kowa kuwa ya san albashin sabon malami.

Na biyu, wurin aikinmu. Lokacin koyarwar gwaji ba mu ke zaɓen makaranta ba, tura mu a ke yi, waɗansunmu kuma ƙauye za su, inda sai an hau tudu kafin waya ta kama. Shirin darasin gobe ba ya jiran intanet ya dawo. Manhajar da ke zaune cikin kwamfutar, muddin akwai caji, za ta yi aiki ko a gindin mangwaro.

Na uku, halal ne a raba ta. Fayil ɗin saukewarta bai kai rabin gigabait ba, kuma sharuɗɗanta sun yarda mutum ɗaya ya sauke, ya sa a filash, ya zagaya ɗakin kwana duka. In ka je makarantar da ke da tsofaffin kwamfutoci goma, kana iya sa musu duka ba tare da tsoron kowa ba. Tana aiki a Windows, da Mac, da Linux.

To, na san abin da waɗansu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce malamai Word su ke amfani da ita, mai shagon buga takardu ma haka, in ka kai musu aikin da aka yi da wata manhaja sai shafuka su goce. Wannan ya kan faru, musamman a takarda mai jadawali da hotuna da yawa. Amma da magani. Writer tana buɗe fayil irin na docx, wanda Word ta ke amfani da shi tun 2007, tana kuma iya ajiye aiki a cikinsa. In malami zai yi gyara a ciki, ka ba shi docx, ka zaɓi harafin da yawancin kwamfutoci ke da shi kamar Times New Roman, kada ka cika ado. In kuwa bugawa za a yi, ka mai da shi PDF, gama shi ba ya motsi, yadda ka bar shi haka zai fito a takarda.

Waɗansu kuma za su ce duk inda ka je neman aiki Word za a tambaye ka. Haka ne. Amma wanda ya iya keke ɗaya ba ya tsayawa koyon wani. Abin da ya kamata mu koya shi ne aikin kansa: yadda a ke sa kanun babi don jerin abin da ke ciki ya fito da kansa, yadda a ke sa lambar shafi, da jadawali, da bayanin ƙasan shafi. Waɗannan duk suna cikin kowacce, wurin maɓallin kaɗai ya bambanta. Bugu da ƙari, akwai Word ta kyauta a intanet ga duk wanda ya buɗe asusun Microsoft, ko da ya ke ba ta kai ta saye cika ba. Ta isa mutum ya saba da ita, ya kuma duba yadda aikinsa zai fito kafin ya aika wa malami. Google Docs ma ina da wurin da na ajiye ta, watau aikin rukuni, inda mutum huɗu ko biyar za su haɗa rahoto ɗaya.

Akwai wani abu da ya shafe mu masu rubutu da harsunan ƙasarmu. Kafin ka amince da kowace manhaja, gwada ta da ƙ da ɗ da ɓ, abokanmu masu Yarbanci da Ibo kuma su gwada haruffansu masu ɗigo a ƙasa. A Word da Writer duka, in ka bar tazara ka buga 0199 sa'an nan ka danna Alt da X tare, ƙ zai fito. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, alamar Naira kuwa 20A6. Wanda ke rubutu da yawa gara ya ƙara allon haruffan Hausa da ke cikin Windows. Malamin da ya rubuta wa yara "kasa" inda ya ke nufin "ƙasa" ya koya musu kuskure da hannunsa.

Daga ƙarshe, kowace ka zaɓa, kada ka bar aikinka wuri ɗaya. Ka ajiye a kwamfuta, ka ajiye a filash, ka kuma aika wa kanka ta imel ko ka sa a ma'ajin Google, inda a ke ba kowa gigabait 15 kyauta. Kwamfuta ta kan faɗi, a kan kuma sace ta, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Ina roƙon hukumar kwaleji ta taimake mu da abu biyu. Ta bincika ko makarantarmu tana cikin waɗanda Microsoft ke ba ɗalibansu Office kyauta ta adireshin imel na makaranta, gama akwai irin wannan shiri, in kuwa muna ciki a sanar da kowa a allon sanarwa. Sa'an nan malamanmu su yarda su karɓi aiki a PDF ko docx ba tare da tambayar da me aka rubuta shi ba. Mai hali da ya ga zai iya biyan Word ta halal, ya saya, ba laifi. Wanda ba shi da hali kuwa kada kunya ta kai shi ga ta sata, tun da ga ta kyauta nan mai isarsa.

Wannan shi ne ra'ayina. Wanda ya ga ba haka ba, ina fata Edita zai ba shi fili a fitowa ta gaba, mu ji nasa dalilan.