Gonar Koyarwa a Ƙasar Gobir: Mu Fara da Kututture

Duk wanda ya yi makarantar kwana zai tuna da gonar makaranta, amma ba lallai ne ya tuna da ita da daɗin rai ba. A makarantar da na yi, ba a tura ɗalibi gona sai ya yi laifi, kuma ranar girbi ba mu san inda damman gero suke shiga ba. Muka fita da ƙanta a hannu, ba mu koyi komai game da ƙasa ba. Saboda haka, idan na ce garuruwan Sabon Birni da Isa na bukatar gonar koyarwa, ba irin waccan nake nufi ba. Ina nufin ƙaramin fili na jama'ar gari, wanda ba riba ake nema da shi ba, inda ɗalibi da malami da manomi za su gwada dabara su ga sakamakonta da idonsu.

Wannan yanki ya san arziki. Alkalawa, a gaɓar Gulbin Rima, ta kasance babban birnin Gobir har zuwa faɗuwarta a shekarar 1808, kuma birni ba ya tsayuwa sai da rumbu a bayansa. Yau kuwa jigawar da ke nesa da fadama ta gaji. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, iska na kwashe saman ƙasa da rani, wuta-wuta na shaƙe gero da dawa. To, me za a koyar a irin wannan gona?

Amsar tana ƙetaren iyaka, wajen 'yan uwanmu na Maradi da Tsibiri, masu ƙasa irin tamu da harshe irin namu. A shekarar 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, bayan ya sha dasa itatuwa suna mutuwa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sarewa lokacin sassabe ba ciyayi ba ne. Tohon kututturen itatuwa ne waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta da wuya: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Tun da saiwar ta riga ta yi nisa ta kai ga laima, itacen yakan yi saurin tashi fiye da dashe. Sabara da kalgo da gawo duk suna amsa wannan kira. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Sai dai akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi dacewa da mu. A lokacin yunwar 1984, an riƙa ba manoman Maradi abinci domin su bar itatuwa a gonakinsu. Da tallafin ya ƙare, da yawa suka sare su. Waɗanda suka bar nasu ne suka ga amfanin: makamashi a kusa, harawar dabbobi, shuka kuma ba ta binnewa da rairayi. Maƙwabta suka gani, suka kwaikwaya. Haka kuma, sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba, sannan ya yarda ya rene shi. Wato kenan kyauta ba ta raya itace. Gani da ido da mallaka su ne suka raya shi.

A kan wannan ne nake ganin ya kamata a gina gonar koyarwa. Kada a fara da roƙon tarakta ko injin ban ruwa. A raba fili gida biyu. A ɗaya a yi sassabe kamar yadda aka saba, a ɗayan a bar kututture. A shuka iri guda rana guda, ɗalibai su riƙa auna ruwan sama da tsawon shuka suna rubutawa, da kaka kuma a sussuka, a auna da tiya a gaban kowa. Wannan shi ne kimiyya: tambaya, gwaji, awo. In akwai gawo a filin, malamin kimiyyar halittu ya samu allo kyauta. Gawo na zubar da ganyensa da damina, ya yi sabo da rani, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya zama taki, a saiwarsa kuma akwai ƙwayoyin bakteriya masu kamo sinadarin naitirojin daga iska, kamar yadda ake samu a wake da gyaɗa. Tsofaffin manoma sun daɗe da sanin cewa geron gindin gawo ya fi zangarniya. Ɗalibi ne zai gano musu dalili, su kuma su nuna masa abin da babu a littafinsa.

Wani zai ce: gonar da ba ta neman riba, wa zai ciyar da ita? Tambaya ce mai nauyi, domin yawancin ayyukan jama'a a nan suke tuntuɓe. Rashin neman riba ba ya nufin rashin lissafi. Aiki dai gayya ce, abin da Bahaushe ya gada. Amfanin gona kuwa a sayar, kuɗin ya koma ga iri da kayan aiki da ladan mai gadi. A samu kwamiti mai wakilin hakimi, da malami, da mata masu noman rani, da makiyayi. Kada a manta da makiyayin nan, domin akuya guda na iya cinye aikin shekara biyu. Littafin kuɗi ya kasance a buɗe, a karanta shi a gaban jama'a bayan girbi. Filin ma a rubuta shi da sunan al'umma da shaidu, kada wata rana magada su taso.

Ban manta da halin da ake ciki ba. Hare-haren 'yan bindiga, irin na watan Mayun 2020 da ya ci rayuka da dama a ƙauyukan Sabon Birni, sun raba manoma masu yawa da gonakinsu na nesa. Babu malamin kirki da zai kai yara daji. Amma wannan dalili ne na ƙanƙanta gonar da kusantar da ita, ba na fasa ta ba. Rabin eka a bayan katangar makaranta ya isa gwajin farko, kuma iyalan da suka koma dogaro da ɗan filin bayan gari su ne suka fi kowa bukatar sanin yadda ƙaramin wuri zai ba da amfani mai yawa.

Malamin aikin gona da ke karanta wannan shafi, kafin ruwan farko ya sauka, ka ɗauki 'yan ajinka ku zagaya filin makaranta, ku ƙirga kututturen da ke toho, ku rubuta sunan kowane da adadinsa. Sa'an nan ka je wurin shugaban makaranta da takardar a hannunka.