Ƙaramin tarago ya fi bukatar fasinja fiye da bututun birki

A Ingila, masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na ma'aunin OO, wato 1:76, sun saba da 'yar ledar da Hornby ko Bachmann ke sakawa cikin kwali: bututun birki da ƙugiyoyi, mai saye ya manna da kansa. Wasu kan kwana a kansu. In dai jirgin gudu zai yi, ba ado a kabad ba, wahalar banza ce. Bututun bakin tarago yakan tokare maƙalin da ke haɗa taragai, musamman a matsattsiyar kwana mai milimita 438, sai tarago ya sauka daga layi.

Ido kuwa taga yake fara kallo. Tarago ba kowa ciki, komai kyan fentinsa, kango ne. Nan firintar 3D ke da rana: a buga fasinjoji, a datse musu ƙafa domin daɓen ciki yana da tudu, a zaunar da su. Sai siririn LED a rufi, haɗe da kafasita, don kada wuta ta riƙa ƙiftawa idan layi ya yi datti.